Kwamfutar Baƙon Kamfani

Ranar Lahadi, kasuwar Illela na tsakar ci, wani baƙo mai suna Zainulabideen ya shigo caji ofis yana gumi. Ya ce ya shiga masallaci sallar azahar, aka ɗauke kwamfutarsa daga mota.

"Mi anka ɗauka ban da ita?" in ji Sufeto Maharazu.

"Babu. Ko wayata ba a taɓa ba."

Maharazu ya jinjina kai. Wanda ya bar waya ba abin sayarwa yake nema ba.

"Mine ne aikinka?"

"Kamfaninmu ke tattara bayanan ɗalibai, na'ura ta auna wanda zai gama jami'a. Masu ba da tallafin karatu su saya, don kada su yi asara."

"Ka yi ka-ce-na-ce da wani yau?"

"Ko kaɗan," ya ce, yana kallon ƙasa.

Maharazu ya nufi rumfar Lawwali mai gyaran waya. Lawwali ya rantse bai ga komai ba, alhali ga cajar kwamfutar a kan teburinsa. Da Sufeto ya ɗaga ta, sai bakinsa ya buɗe.

"Tayyiba ta kawo, ɗiyar manomin albasa a Amarawa. Ta ce in buɗe mata, na kasa."

A Amarawa suka tarar da ita tana tsince albasa. Farar rigar ɗakin gwaji na rataye a igiya, fes da guga, kamar gobe za a koma aji.

"Ban je kasuwa ba," ta ce.

"Kin bar cajar wurin Lawwali."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwamfutar.

"Aji uku nike a jami'a, ina karatun harhaɗa magani. Ban taɓa faɗuwa ba. Anka yanke min tallafi, wai 'yan ƙauyen iyaka ba su gamawa. Da safe na tare baƙon, na ce mi na yi? Ya ce ba shi ne ba, na'ura ce. Shi ne na ce bari in tambaye ta."

"Ta gaya miki?"

"Ko buɗewa ba ta yi ba."

Maharazu bai sa mata ankwa ba. Ya buɗe mata ƙofar bayan mota da kansa.

A bakin tasha, ɗalibai na loda akwatuna a motar Sakkwato. Tayyiba ta manna goshi a gilashi tana kallonsu.

"Rage gudu," Sufeto ya ce wa direba.