Motar Da Ba Ta Da Inji

A bakin sashen ɗinkin kujeru suka fara haɗuwa, ranar da saurayin ya sauko daga ofisoshin sama don karanta wa ma'aikata sanarwa. Aikinsa ke nan a kamfanin haɗa motocin: manya su yanke magana, shi ya sauko da ita cikin kwat, ya sha harara a madadinsu. Sanarwar ranar kuwa cewa ta yi daga yau kowa ya riƙa murmushi a bakin aiki, don fara'a ce za ta ceto kamfanin.

Sai wata budurwa daga bayan keken ɗinki ta ɗaga hannu. Allura ake ce mata, saboda bakinta.

"Malam Mai Kwat, murmushin a sito za mu karɓo, ko shi ma yana hanya kamar yadin kujeru?"

Wuri ya ɗauki dariya. Ya kalle ta, ya naɗe takardarsa ya juya. Ita ma da ta ga kunya ta kama shi, sai ta ji ba daɗi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Na duba sito, babu murmushi. Amma na ga wani a sashen kujeru, ko za a ara mini?"

Ta yi tsaki, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. "Ba ma ba na sama aro, ba sa mayarwa."

Wasa-wasa, hira ta yi tsawo. Yana ce mata "Allurata", ita kuma ta ƙi sauya masa suna, Mai Kwat ɗin dai, sai dai muryar da take faɗarsa ta sauya. Sonsa take yi, ta kuma san ta ɗebo ruwan dafa kanta.

Matsalar ita ce Baba. Mahaifinta mai walda ne, a kamfanin gashinsa ya yi fari, ya ga zamanin da motarsu sai an yi layi kafin a samu. Yanzu ga filin bayan kamfani cike da motoci, wata ba fitila, wata ba hannun ƙofa, ciyawa na fitowa a ƙarƙashinsu. Kowane sabon manaja kuwa da sabon take yake zuwa, ya sauya fentin ofishinsa, ya tafi.

Da mahaifiyarta ta kai masa maganar, ko tabarau bai cire ba.

"Wa? Wannan bakin manyan? Mutanen da suka kashe mana wuri suna shan iska a sama? Ba na ba na sama 'yata, ko da kuwa shi kaɗai ya rage namiji."

"Baba, shi fa aike ne kawai," in ji Allura daga bakin ƙofa.

"Ɗan aiken kura ai ba ya kwana a garke. Ga Dogo nan mai tuƙa injin ɗaga kaya, namu ne, ya yi mini magana."

Dogo dai ba shi da laifi, sai dai hirarsa ba ta wuce taya da gas.

A wannan tsakanin ne manya suka shirya bikin nuna sabuwar mota ga baƙi masu zuba jari. Manaja ya ce tsofaffin ma'aikata ne za su shigo da ita zaure, a zaɓo mutum huɗu. Mai Kwat ya ga dama ta samu, ya sa sunan Baba a farko, yana ganin ya karrama suruki. Shi mutumin sama ne, bai taɓa ɗaga murfin motar ya leƙa ba. Duk wanda ke ƙasa kuwa ya san injinta bai iso ba. Shigo da ita na nufin turo ta daga bayan labule, a sake ta ta gangaro tsakiyar zaure, lasifika na yin ƙarar inji.

Dogo ne ya kawo mata labari, har da ƙarin gishiri. "Kin ga mutumin naki? Don Baba ya hana shi aurenki, ya mai da shi jakin tura mota."

Ranta ya ɓaci, ta rubuta masa: "Ashe haka kake? Tsoho mai ciwon gwiwa za ka sa turi don ka huce? Kada ka ƙara kira na."

"Wane turi, Allurata? Wallahi girmamawa na nufa."

"Je ka buɗe gaban motar ka ga girmamawar."

Ya je ya buɗe, ya tarar da rami, ba inji. Ya roƙi a cire Baba, aka ce an riga an tsara. Baba kansa ya ce ba zai janye ba, kada a ce ya gaza. Saƙonnin ban haƙuri suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ko ɗaya ba, amma kuka kam ta sha shi.

Ranar biki aka jera ma'aikata a baya don tafi. Mai Kwat na gaba da makirufo. To, a gwaji motar wayam aka tura, ta tafi sumul. A ranar kuwa Manaja ya ce shi zai zauna a sitiyari, ya kuma ɗebo baƙi uku, dukkansu masu jiki. Kiɗa ya tashi, lasifika ta yi ruri, tsofaffi suka tura suka saki. Mota ta leƙo rabi, ta tsaya, ta fara komawa da baya.

Sauran tsofaffin uku suka ja gefe. Baba kuwa, mutumin da bai iya barin aiki rabi ba, ya sa kafaɗa shi kaɗai. Labule ya yaye, gwiwar ta ci amanarsa, ya durƙusa a gaban jama'a, lasifika na ta rurinta. Allura ta dafe ƙirji.

Mataimakin Manaja ya matso kunnen Mai Kwat, amma makirufo a buɗe yake, kowa ya ji: "Ka ce tsohon ne ya shigo ba izini, a kira masu gadi."

Mai Kwat ya dubi Baba, ya dubi baƙi.

"Jama'a, a yi haƙuri. Motar ba ta da inji tukuna. Wannan dattijon ne ke tura ta, ni kuma na jawo masa."

Ya ajiye makirufo, ya cire kwat, ya je ya ɗaga Baba ya zaunar da shi, sannan ya sa tasa kafaɗar. Ma'aikata suka ɓalle daga layi, har da Dogo, suka tura motar, suka kai Manaja da baƙinsa tsakiyar zaure cikin ihu. Kafin a tashi aiki an karɓe wa Mai Kwat makullin ofis.

Ranar hutu ya zo gidan su Allura da 'yar riga mai gajeren hannu. Baba na zaune a falo, ƙafa a miƙe, an ɗaure gwiwa. Allura na bayan ƙofar kicin, numfashi ma a hankali take yi.

"Baba, na zo neman gafara ne. Yanzu ko aikin ba ni da shi, ban isa in nemi wani abu ba."

Mahaifiyar ta ce, "To ai ka ji, Malam. Da me zai riƙe ta?"

"Mu da muke da aikin, wa ya san wayewar gobe?" Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa. "Kai wawa ne, ka sani? Mutum ya yi shekaru a kamfanin mota bai taɓa leƙa cikinta ba. Ka iya riƙe ƙarfe?"

"Zan koya, Baba."

"Ƙanena na da garejin walda, gobe ka je da tsohuwar riga. Na ce ba na ba na sama 'yata, ban kuma sauya magana ba. Kai ai sun sauko da kai. Turo magabatanka."

Wani abu ya faɗi a kicin, ya yi ƙara. Mahaifiyar ta ce, "Ke, fasa mini kwanuka za ki yi tun kafin ki tafi?"

Kamfanin bai gyaru ba, an dai kawo sabon manaja da sabon take. Auren kuwa an ɗaura shi, ma'aikata suka cika layin gidan maƙil. Ango ya zo da tabon ƙuna a yatsu, yana ɓoye su a aljihu. Saƙonta ya same shi a tsakiyar masu gaisuwa: "Fito da hannun nan, mijina, shi na aura."

Da za ta fita, ta durƙusa a gaban Baba. Ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Tashi ki tafi, 'yar nan, kafin in ce na fasa."