Saƙon Kalilu Daga Ikko

Da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan doka na Isa cewa makiyaya sun tsinci gawa a turbar Kurawa. Ranin 1959 ne, lokacin da motocin kamfanonin gini ke ta kwasar majiya ƙarfi daga ƙasar Gobir zuwa Ikko.

Sufeto Jibrilla ya isa wurin tare da Kofur Alhassan. Mamacin na kwance rub da ciki, an rotse masa ƙeya. Sufeto ya juya hannuwansa, ya ga tafukan duk sun tsattsage.

"Siminti ne ya ci hannun nan," in ji shi.

"Kalilu na, ranka shi daɗe, mutumin Sabon Birni," in ji kofur. "Bai daɗe da komowa daga Ikko ba. Ran kasuwar Bafarawa an raba su faɗa da Na'Allah, mai ɗibar ma kamfani lebura."

A tashar Isa suka sami Na'Allah jingine da motar kamfani, samari sun yi layi da ƙunshin kayansu.

"Ban san shi ba," in ji Na'Allah.

"Kasuwa guda ta ga kun shaƙe juna."

Na'Allah ya share gumi. "To, na san shi. Amma jiya ƙofar hakimi niw wuni, a tambayi dogarai."

"Me ya haɗa ku?"

"Hana mutane shiga mota shika yi. Yallaɓai, benen da aka ginawa can, sai hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshenai ba. Ƙasar Ikko kuwa ruwa ta, dole a gina rami mai zurfi kafin a aza harsashi. Wata rana gefen ramin yaz zabtare bisa mutane. Bature yac ce in an tsaya tono, ruwa za shi cinye aikin. Sai anka zuba kankare."

"Su wa ke ciki?"

"Ni ɗiba nika yi, ba ni ka ƙirga ba."

Dogarai sun tabbatar da cewa a ƙofar hakimi ya wuni. Sufeto ya dubi samarin da ke layi. Ba shi da dokar da zai hana su tafiya da ita.

A Sabon Birni suka tarar da Rahmatu, ƙanwar Kalilu, cikin 'yan makoki.

"Tun da yad dawo ba shi cin abincin kirki," in ji ta. "Jiya da safe yas sa wasu dogayen takalman roba cikin buhu, yac ce amana ta, za shi kai gidan Baba Ɗanmusa a Kurawa."

Sufeto da kofur suka dubi juna. Babu buhu kusa da gawar.

Ɗanmusa tsoho ne siriri. Sun same shi zaune a zaure, bai ɗago kai sosai ba.

"Baba, Kalilu ya zo nan jiya?"

"Ban gan shi ba."

"Kana da ɗa a Ikko?"

"Amiru. Yana nan lahiya lau."

Sai ga matarsa Tasalla da ƙwaryar ruwa, fuskarta a sake.

"Sannunku da rana. Labarin Amiru kuka yi? Ai jiya yay yo ma ubanai aike. Takalma, irin na Turawa. Na wanke su tas, ga su can bisa danga."

Daga ƙofar zaure Sufeto ya hango su, ruwa na ɗiga, da sauran siminti daskare a dunduniya.

"Inna, wa ya kawo su?"

"Kalilu mana. Malam ma yay yi mai rakiya."

Ɗanmusa ya miƙe da ƙyar. "Sufeto, don Allah mu hita waje."

A bayan rumbuna ya tsuguna, ya riƙe kansa.

"Gaban uwar bai iya faɗi ba. Sai da munka kama hanya yac ce mani Amiru na cikin ramin nan. Yaron ga bai so tahiya ba. Gero yaƙ ƙi, ni na kama hannunai na sa shi mota."

"Sai ka buge ɗan saƙo?"

"Da nan yat tsaya, da na haƙura. Sai yah hwashe da kuka, yac ce shi ka tura baron kankare ran nan. Yac ce yana jin muryar Amiru daga ƙasa, yana salati, heluma, shugaban leburori, na yi ma Kalilu tsawa, shi ko yaj juye kankaren. Ya juya yana kuka, gatarina na kafaɗa. Ban san sa'ad da hannuna yat tashi ba."

Kofur ya fito da ankwa. Tsohon ya miƙa hannu da kansa.

"Abu guda nika roƙo. Kai hukuma ne. A tono mani shi, a yi mai wanka, a yi mai salla. In an gama a rataye ni."

Sufeto Jibrilla ya kawar da kai. Ikonsa bai wuce lardin Sakkwato ba, kuma ya san ko ya kai maganar gaban Joji, a nan za ta mutu.

"Baba, gini ya riga ya hau kansa. Babu mai rushe shi."

Ɗanmusa ya gyaɗa kai a hankali. Kofur ya tasa shi gaba zuwa mota.

Tasalla ta biyo su har bakin hanya, mayafi a hannu.

"Ɗana, ina za ku da Malam? Mi yay yi?"

Tsohon bai waiwayo ba. Sufeto ya cire hularsa, ya koma inda take tsaye.

"Inna," in ji shi, "zauna tukuna."