Karkataccen Yatsan Garkuwa

"Ki goge shi, Hikma."

Muryar Yusha'u ce a waya, amma wallahi kamar ba tasa ba. Ina tsaye a kitchen ɗinmu na Levenshulme, madara na zuba a kan cooker, ban ma lura ba.

"In goge me, habibi?"

"Kin san me! Issue na tara. Ki fito ki ce kuskure ne, ki ba mutane haƙuri. Umma ta ce in ba haka ba, babu mai taka Manchester ranar Asabar neman aurenki."

Na juya na kashe cooker.

Shekara uku ke nan ina zana comic ɗin Garkuwa, jarumin da ke tare harsashi da tafin hannu. Fans suna son shi kamar su haɗiye. Sai a issue na tara, wato fitowa ta tara, ya buɗe baki ya ce ya taɓa son mace, yanzu kuma zuciyarsa na wurin namiji. Shafi ɗaya tal! Kafin azahar, waɗanda jiya suke ce mini sarauniya sun koma tsine mini. Wani ya ƙona littafin ya ɗora video. Wani ya rubuto cewa ya san bus ɗin da nake hawa a Stockport Road.

Duk wannan na shanye. Abin da ya karya ni daban ne.

Ni ban iya zana hannu daga ka ba, sai ina kallon na wani. Tun haɗuwarmu hannun Yusha'u nake kallo. Ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, tun da ya karye wajen ƙwallo yana yaro, kuma haka na riƙa zana wa Garkuwa shi saboda so. Su'ad kuwa, 'yar ƙanwar Ummansa da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ita ta gano. Ta kewaye yatsan da jan layi, ta jera shi da hoton Yusha'u na ranar Sallah, ta tura family group ɗinsu: "Ashe angon namu ne jarumin?"

Munafuka!

"Jiya a masallaci wani ya ƙi miƙo mini hannu," in ji Yusha'u. "A Small Heath, Hikma, inda aka haife ni! Kin san sunan da suke kirana da shi?"

"Ka yafe mini, ban yi tunanin..."

"Me ya sa ma kika rubuta shi? Me ya haɗa ki da wannan?"

Na kalli ƙofa don kada Mma, mahaifiyata, ta ji. Shekara shida ba a ambaci sunan nan a gidanmu ba.

"Ina da yaya, Yusha'u."

"Wanda kuka ce ya koma Kumasi?"

"Yana Handsworth, can Birmingham. Bus biyu tsakaninku. Sunansa Toufik, shi ya fara saya mini fensir ɗin zane. Ranar da kawunmu ya ji abin da yake, a baƙar leda aka fitar masa da kayansa. Ko jana'izar Baba daga tsallaken titi ya tsaya." Hawaye ya ci ƙarfina. "Hannun naka ne, amma zuciyar Garkuwa tasa ce. Shekaranjiya ya turo mini text, ya ce karo na farko da ya ga mai kama da shi a littafi ba a matsayin mugu ba. Idan na ce kuskure ne, shi na ce wa kuskure."

Na share hawayena na ci gaba.

"Ina son ka kamar raina. Amma ba zan sake fitar da shi a leda ba."

Ƙit! Ya kashe wayar.

Asabar ta zo. Mma ta tashi da sassafe ta dafa waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, tukunya guda, ta ce wa ya sani ko su sauya shawara. Har la'asar ko ƙyallin mota ba mu gani ba. Ta rufe tukunyar.

Washegari ina da signing, sa wa masu karatu hannu a littafi, a wani shagon comics a Birmingham, garin su Yusha'u. Mai shagon ta ce mu fasa, na ce ina! Na hau train idona a kumbure.

Mutum shida ne a layi, masu zagi a waje sun fi ashirin. Wani ƙato sanye da rigar Garkuwa ya kutso ciki, ya yaga issue na tara a gabana, ya watsa mini a fuska.

"You ruined him! Kin lalata mana shi!"

Biro ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya zan ɗauka, sai wani hannu ya sauka a kan tebur, tsakanina da ƙaton.

Hannun hagu, ƙaramin yatsa a karkace.

"Malam, matsa baya," in ji Yusha'u a nitse. Ya ɗaga hannun sama yadda duk masu ɗaukar video za su gani. "Wannan kuke nema? Ga shi, ku ɗauka da kyau. Nawa ne."

Ƙaton ya yi gunaguni ya ja da baya.

"Yusha'u... Umma fa?"

"Ba ta haƙura ba tukuna. Ni ma ban fahimci komai ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kwana uku ina kallon yatsan nan ina jin abin da ake ce mini, ni da aka yi wa ƙage. Sai na ce to shi da ya sha wannan shekara shida shi kaɗai fa?" Ya sassauta murya. "Kuma jiya ma da mun zo, da mun yi ɓatan kai. Babanki ya rasu, ƙalbina. Wa ya kamata a nemi aurenki a wurinsa?"

Ya matsa gefe.

A bakin ƙofa wani dogo ne tsaye, ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu, ya ƙanƙame issue na tara a ƙirji.

"Yaya Toufik!"

Ban san lokacin da na ture kujera ba. Na faɗa jikinsa ina kuka kamar ƙaramar yarinya, shi ma kafaɗarsa na rawa.

"Har flat ɗina ya zo, ya cire takalmi ya durƙusa," Yaya ya ce yana share ido. "Ni, Hikma! Wai ya zo neman aure wurin babba a gida."

"Me ka ce masa?"

"Na ce sai na tambayi ƙanwata. Kina son shi?"

Na juya. Yusha'u na tsugune yana tsince yagaggun shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tebur.

"Ina son shi, Yaya."

"To na ba shi."