Tayi Uku a Kan Gogen Barmo

Na rasa mijina Barmo shekara tara ke nan. Bara kuma na rasa gogensa. Abin da na samu shi ne rumfa mai lamba sha bakwai, da suna a bakin 'yan kasuwa wai ba a cin Tabawa da ciniki. Ku matso kusa, a kashe rediyon nan. Sau ɗaya zan faɗa.

Gidan al'adun da nake kasuwa a cikinsa, nan Ikko bakin ruwa, da can sito ne. Fatu da gyaɗa ake tarawa kafin a loda wa jirgi. Da aka daina, sai aka share shi aka kafa kujeru, ya zama babban zaure. Daga baya aka gina dandali a waje mai kallon teku, da ƙaramin ɗakin da ake rataye zane-zane, mu kuma masu rumfuna muka kewaye. Shekara ashirin Barmo yana goge a zauren nan duk Asabar. Waɗanda ko sannu ba su ji da Hausa sukan tashi su taka. Bayan rasuwarsa iskar teku ta cinye kwanon rufin, aka garƙame zauren, wasa ya koma dandalin waje.

Gogen na rataye shi a rumfa, sama da takalma da jakunkunan fata. Ba na sayarwa ba ne, amma ina son a taya. Mutum ya taya in ce albarka, ya ƙara, in sake cewa albarka. Da haka nake jin har yanzu Barmo na da daraja.

Wata Laraba, rana tsaka, Iya Sikira mai rumfar kusa da ni ta tafi alwala. Layin ya yi tsit. Ko ƙarar teku na daina ji.

Sai ga mutum tsaye. Dogo, farar riga fes. Ban ga zuwansa ba. Na dubi ƙasa. Ƙafafunsa jiƙe suke, da yashi a tsakanin yatsu, ruwa na bin siminti, alhali kwana goma ba a yi ko yayyafi ba.

"Uwar gida, gogen."

Leɓensa ne ya motsa, amma ta bayan kunnena na ji muryar.

Na daure na ce, "Na maigidana ne. Taya."

"Wasan Asabar guda. Maigidan naki da kansa zai yi miki, a zaure, daga buɗewa har tashi."

Na san ba mutum ba ne, na kuma san ba ƙarya yake ba. Amma shekara talatin ina ciniki, ban taɓa sallamawa a tayin farko ba. Bakina ya riga ni.

"Albarka."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Waƙa ɗaya."

"Haba malam, ai ƙari ake yi, ba ragi ba."

"Mu ba ma ƙari."

"To a koma na farkon."

"Kin yi albarka da shi."

A nan ya kamata in yi shiru. Amma sai na ce a raina, wannan dabarar na san ta. Wanda ya tako har rumfarka yana son abin ya fi ka son rabuwa da shi, ka cije kaɗan zai dawo hanya. Na gyara ɗaurin kallabi kamar da ɗan Adam nake.

"Albarka."

Ruwan ya iso ƙarƙashin kujerata. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Gyaran goge kafin waƙa," in ji shi. "Daga wannan ba sauran tayi."

Ya juya zai tafi, ba irin juyawar mai jiran a kira shi ba. Ni Tabawa, da ban taɓa bin mai saye ba, na miƙe da gudu, goge a hannu, na bi shi har ƙofar tsohon zauren.

Kwaɗon zauren a buɗe yake. Ciki ƙura da warin gishiri, rana na zubowa ta ramukan rufi. Na zauna a layi na biyu, inda na saba. Dandamali ba kowa.

Ban san sanda gogen ya bar hannuna ba. Kujerar kan dandamali ta yi ƙara, kamar an zauna. Na ji ana goga ƙaro a tsagiyar gogen, a hankali, yadda Barmo yake yi. Sai ɗan tarin nan nasa da nake masa faɗa a kai. Ya ja gogen, ya saurara, ya sake ja. Ya ja numfashi zai ɗauki waƙa.

Shi ke nan. Ƙarar teku ta dawo.

Iya Sikira ce ta tsince ni bayan la'asar a bakin ƙofar, kwaɗo a garƙame da tsatsarsa, hannuna ba komai.

Don haka kada ɗayanku ya bi ta bayan tsohon zauren nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma mai jiƙaƙƙun ƙafafu ya taya muku abu, ku yi a'uziyya ku kama bakinku.

Har gobe Iya Sikira na tambayata, "Mama Tabawa, nawa kika sayar?" Ban taɓa ba ta amsa ba. Ku na faɗa wa. Tari ɗaya, jan goge biyu, da numfashi guda. A haka na sallama.