Reshen Tsamiyar Hanyar Kalgo

Ranar da Kubura ta fara ganin Ɗalha, ganye yake jerawa a kan kwalta. Motarsa ta mutu gab da Kalgo, shi kuma ya yi abin da kowane direba ke yi: ya karyo rassa, ya jera su daga nesa domin na baya su rage gudu. Ita tana gefen hanya da tiren soyayyen kifi, tsakanin masu albasa da masu rake. Ya ɗago yana share gumi ya ce, "Yarinya, kifin nan na sayarwa ne ko na kallo?" Ta miƙa masa ɗaya. Bayan shekara guda aka kai ta gidansa a Gwandu.

A kan wannan hanya ya rasu, 'yarsu Jidda tana aji huɗu. Tirela ta kauce wa garken shanu, ta haɗu da motarsa. Kafin ɗan kabu-kabu ya isa da Kubura wurin, an riga an ɗauke shi. Fasasshen gilashi ta tarar, da rassan tsamiya da direbobi suka jera saboda hatsarin. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta rufe da mayafi. A gida ta sa shi cikin akwatin Ɗalha, ta ɗora Alƙur'aninsa a kai. Tun daga nan ba ta sake bin hanyar Kalgo ba, ko da ta gama takaba, ko da mahaifiyarta ta aiko tana cigiya.

Wata ranar Laraba, rana ta yi ja, kaji sun fara shiga akurki. Kubura na tuƙa tuwo, surukarta Inna Hajjo na alwala. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo. Inna Hajjo ta leƙa waje za ta yi wa yaran maƙwabta faɗa, ta tarar da lungun wayam. Ta tsinci tsakuwar ta duba: ɓaraguzan kwalta ne, kuma da ɗumi.

Kullum magariba ta gabato, haka ake yi. Daga baya aka fara jin wata mace tana rarrashin jariri a bayan ɗaki, cikin muryar da ta gaji. Jidda ta daina cin abinci. Takan tsaya a ƙofar ɗakin uwarta, ba ta shiga, idonta a kan akwatin. Ran nan Kubura ta taɓa kafaɗarta, yarinyar ta juyo ta ce da muryar babbar mace, "Kada ki taɓa ta. Ba taki ba ce yanzu."

Inna Hajjo ta yi salati, ta fita ba takalmi ta kira Malam Muzzammil.

Malam ya zo bayan la'asar. Ya zauna kan tabarma, ya sa aka riƙe Jidda, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta cinye tsakar gida. Yarinyar ta yi ta miƙa tana nishi, can ta yi shiru, ta buɗe ido.

"Ya isa, Malam. Ni ma musulma ce."

"To mi ya kawo ki gidan marayu?"

"Ɗana. A tsamiyar hanyar Kalgo muke. Na kwantar da shi a kan reshe na tafi ɗiban ruwa, direbobi suka karye reshen. Ban riƙe su ba, rai suke karewa. Na dawo na bi rassan ɗaya-ɗaya, babu nawa. Tasha-tasha na bi motoci ina nema, har na ji kukansa a nan." Hannun Jidda ya nuna ɗakin. "Ta danne shi da Littafi. Ba na iya kusantarsa."

Kubura ta durƙushe. "Wallahi ban sani ba. Shi kaɗai na samu a wurin."

"Na ga halin da kike ciki. Shi ya sa tsakuwa na jefa, ba wuta ba."

Malam ya ce, "Ki saki yarinyar. Ni zan mayar da reshen."

"Hannun da ya ɗauko, shi zai mayar. Ta zo da magariba, da baƙar kaza."

"Ba a zubar miki da jini, kuma ba ta fita da magariba. Da hantsi za ta je. Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah, kin san zafin rabuwa da ɗa."

Daga babban titi ana jiyo ham ɗin motocin da ke sauri su isa gari kafin sallah.

"Na yarda da hantsi. Idan rana ta faɗi gobe bai dawo ba, zan dawo, kuma ba zan sake fita ba." Idon Jidda ya koma kan Kubura, muryar ta yi laushi. "Ke kuwa, ina kan bishiya lokacin da aka fito da mijinki, kafin in tafi ɗiban ruwa. Bai daɗe yana wahala ba. Ya yi kalmar shahada."

Jidda ta yi atishawa, jikinta ya saki. Can ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Inna Hajjo ta ba ta ruwa tana kuka. Malam ya tashi zuwa masallaci. A bakin zaure ya waiwayo. "Kubura, ban ji kin amsa wa uwar jaririn ba."

Kubura ta shiga ɗaki. Ta ɗaga Alƙur'anin ta ɗora kan gado, ta ciro reshen. Ya bushe, ganyensa duk ya kakkaɓe a cikin rigunan Ɗalha. Ta daɗe tana kallonsa, tana tunanin ƙofar tasha, da kujerar da za ta zauna, da kwanar da za ta ce wa direba ya tsaya. Sannan ta kwance zanen goyon Jidda na da, ta naɗe shi, ta rungume a ƙirji. Ta ji kamar wani abu ya yi ajiyar zuciya.

"Yi haƙuri, ɗan mutane," ta ce, da ƙarfin da Inna Hajjo ta ji daga tsakar gida. "Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu, ni da ƙafata zan kai ka wurin uwarka."