Na'urar da Aka Sace Tana Aiki

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin wayar teburin Sufeto ta yi ƙara. Ko hularsa bai kai ga cirewa ba.

"Yallaɓai, sata aka yi mana," in ji mai maganar. "Na'urar da ke ɗauke da shafinmu na intanet. An ɗauke ta."

"Shafin ya mutu ke nan?"

"A'a, yallaɓai. Yana aiki."

Sufeto ya janye wayar daga kunnensa ya dube ta. Shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda, bai taɓa jin an sace saniya ana kuma ci gaba da tatsar ta a gida ba. Ya ƙwala wa Saje kira, suka fita.

Kamfanin yana bene na biyu, a saman wani shagon buga takardu. Ma'aikata uku ne kacal. Manajan, wanda ya buga wayar, shi ya tare su a bakin matakala yana share gumi. Ya ce su ke riƙe da shafin wani babban ɗakin gwajin jini. Ta nan marasa lafiya ke duba sakamakonsu, haka likitoci, haka kamfanonin ƙasashen waje masu ɗaukar ma'aikata.

"Sirrin mutum nawa ke cikin na'urar?" Sufeto ya tambaya.

"Sun haura dubu arba'in."

Sufeto ya ƙi kujerar da aka jawo masa. Ya wuce ƙaramin ɗakin da ake ajiye na'urar. Sanyi kamar cikin firji. A kan kantar ajiyarta akwai gurbi fayau, wayoyi uku na reto. Ba a tsinke su ba, an zare su a hankali.

Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya dangwali wani abu da yatsa.

"Yaushe ka gano satar?"

"Yau da safe, da na buɗe."

"Jiya fa?"

"Ina gida. Ban leƙo ba tun Juma'a."

"To wannan dusar katakon fa? Ga makullin ƙofar sabo fil, ko maiƙonsa bai bushe ba. Ɓarawon ne ya yi maka alheri ya canza?"

Manaja ya dubi Saje, Saje ya dubi silin.

"Jiya da rana na zo ɗaukar wata takarda, na tarar babu ita," ya ce a ƙarshe. "Na kira kafinta ya canza makulli. Na yi zaton zan gano ta da kaina kafin masu ɗakin gwajin su ji. In suka ji, mun tashi daga aiki."

"Ka ba ɓarawo kwana guda kyauta. Su wa ke da tsohon makullin?"

"Ni da Injiniya. Akwai na uku a durowar Agogo."

Agogo ita ce mai sa ido a kan shafin. An laƙaba mata sunan ne don ba ta magana sai da daƙiƙa. Tana zaune gaban allo biyu manya, ɗaya cike da layuka masu launi daban-daban suna tafiya kamar jerin tururuwa.

"Malama, yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki," in ji Sufeto.

"Muna da kwamfutoci goma sha biyu a ƙasashe goma sha biyu, tashoshi muke ce musu. Duk bayan minti ɗaya kowacce za ta buɗe shafinmu, ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya buɗe, ta aiko mini. Kowane layi tasha ɗaya ne. Wannan koren na cikin garin nan ne, rabin daƙiƙa. Wannan jan na bayan teku ne, daƙiƙa biyu. Iya nisanka, iya jiranka."

"Koma baya. Nuna mini Asabar."

Ta ja hoton baya. Ƙarfe goma sha biyu da minti shida na rana, layukan goma sha biyu suka yanke gaba ɗaya. Fili fari. Sai goma sha biyu da minti arba'in suka dawo.

"Minti talatin da huɗu," in ji ta. "Kuma da suka dawo ba su koma yadda suke ba. Kowanne ya ƙara nauyi."

"Koren fa? Har yanzu shi ne mafi sauri?"

"Shi ne."

"Ashe tana cikin garin nan. Ba za ki iya ganin adireshin inda aka jona ta ba?"

"Akwai kamfanin kariya tsakaninmu da masu shiga, shi ke ɓoye adireshin. An canza kalmar sirrinmu ta can. Sai da takardar kotu za su faɗa, kuma a ƙasar waje suke. Sati biyu ne, in an yi sa'a."

Sufeto ya yi tsaki, ya kai bakin taga ya dawo.

"Shafi ya mutu rabin awa, babu abin da ya sanar da ke?"

"Ya kamata wayata ta yi kuka. An kashe ƙararrawar tun daren Juma'a, an rubuta wai ana gyara." Ta sassauta murya. "Da sunana aka shiga."

"Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Babu kowa, wallahi."

Saje ya ɗaga madannin kwamfutarta. A ƙasa akwai 'yar takarda manne, an rubuta kalmar da jan biro, har da layi a ƙarƙashi.

"Babu kowa sai mai ido," in ji Saje.

Injiniya yana ɗakin baya, ya tasa shayin da ya huce a gaba. Matashi ne dogo, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

"Minti nawa ake ɗauka a cire irin wannan na'ura, a jona ta wani wuri, ta tashi?" Sufeto ya tambaye shi.

"In mutum ya san hannunsa, kamar kwata."

"Su wa suka san hannunsu?"

"Ni da Oga. Ita ma Agogo ba baya ba ce."

"Ina kake ranar Asabar da tsakar rana?"

"Ina ɗakina, ina barci."

"Ina ne ɗakin?"

"Bayan gari, kusa da tashar manyan motoci. Awa guda ne a mota."

"Da wa kake zaune?"

"Ni kaɗai, yallaɓai. Ban yi aure ba."

Sufeto ya fito yana buga biro a tafin hannu. In an cire kwata daga minti talatin da huɗu, saura tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba. Gidan Manaja da na Agogo duk suna cikin wannan da'irar. Injiniya ne kaɗai a waje. Mai gadin ginin bai ƙara komai ba: ya ce ranar Asabar masu kwalaye sun fi ashirin saboda shagon buga takardu, kuma kyamarar matakala ta lalace tun bara.

Ya tura Saje gidajen biyu. Ƙarfe goma sha ɗaya Saje ya dawo hannu rabbana. Wayar Manaja kuwa ba ta daina ƙara ba. Shugaban ɗakin gwajin ya samu labari, yana cewa in sunan mutum ɗaya ya fita waje, kowa zai gane kurensa.

Sufeto ya koma bayan kujerar Agogo ya tsaya.

"Akwai abin da ya ɗaure mini kai," in ji ta. "Dubi Asabar da Lahadi. Layukan sai hawa da sauka suke kamar haƙoran zarto, daƙiƙa biyu, biyar, bakwai. Wani abu na cinye layin intanet ɗin da take kai. Sai yau ƙarfe bakwai da rabi na safe, ɗif, suka kwanta. Har yanzu a kwance suke. Na duba komai, ban gane ba."

Sufeto ya ƙura wa allon ido. Sai ya yi 'yar dariya, ta farko tun safe.

"Kina da yara, Malama?"

"A'a. Ni da mahaifiyata ne."

"Shi ya sa. Ni huɗu gare ni. Asabar da Lahadi ko saƙo ba na iya turawa a gidana, wannan na kallon katun, wancan na buga wasa. Bakwai da rabi na Litinin kuwa an kwashe su makaranta. Na'urarku a gidan masu yara take. Ki sa ido, ƙarfe biyu zarton zai dawo."

Ya juya wajen Manaja. "Naka yaran fa?"

"Duk suna jami'a."

"Kawo mini fayil ɗin ma'aikata."

Ya buɗe na Injiniya a tsaye. A gurbin wanda za a nema in wani abu ya faru, an rubuta: yayata. Adireshin wata unguwa ce a bayan asibitin ido. Ya yage gefen takarda ya kwafa, ya miƙa wa Saje.

"Je ka dawo. Kada ka shiga. Agogonka kawai za ka duba."

Saje ya dawo da amsa biyu: minti goma sha bakwai, kuma akwai ƙananan kekuna uku a jingine a ƙofar gidan.

Sauran lokacin Sufeto ya cinye shi yana safa da marwa tsakanin taga da allo. Biyu ta buga, layukan na kwance. Biyu da minti biyar, shiru. Saje ya fara sosa ƙeya. Biyu da minti goma sha ɗaya jan layin ya yi tsalle, sauran suka bi shi.

"Injiniya," Sufeto ya ɗaga murya, "zo ka raka mu unguwa."

Suka shiga mota. Da suka karya kwanar asibitin ido, Injiniya ya rufe idanunsa.

Yayar ta buɗe ƙofa hannunta da kumfar wanki. Mace ce mai jiki, ta girme shi da kusan shekara goma sha biyar. Ta ga kaki, ta ga ƙaninta.

"Auta, lafiya?"

"Lafiya lau," Sufeto ya amsa a madadinsa. "Ki ba mu izini mu shigo, minti biyu."

A falo yara uku na zaune da kayan makaranta a jikinsu, biyu gaban talabijin, ɗaya da waya. Sufeto ya kira Agogo, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Nawa jan layin yake yanzu?"

"Daƙiƙa shida da ɗigo huɗu."

"Yara, ku taimaki baba. Ku kashe komai."

Suka kashe suna zumɓura baki. Falon ya yi tsit. Sufeto na kallon agogon bango, Injiniya na kallon ƙasa. Minti ɗaya ya wuce kamar shekara.

"Ya faɗo!" Muryar Agogo ta fashe daga wayar. "Daƙiƙa biyu da rabi! Duk sha biyun sun faɗo, yallaɓai!"

A cikin shirun nan ne suka ji wani gurnani siriri daga ƙarshen baranda. Saje ya tura ƙofar sito. Ga na'urar a kan tsohon teburin guga, fitilunta na ƙiftawa, an kafa mata fanka biyu.

"Ya ce mini ta ofis ce, na'urar sanyaya ɗakinsu ta lalace," in ji yayar. "Auta, ba haka ka ce ba?"

Injiniya ya zauna a kan hannun kujera.

"Ni na ɗauka, yallaɓai. Ni na kashe ƙararrawar da sunan Agogo. Ba ruwan Yaya."

"Wa za ka sayar wa sirrin mutane?"

"Ban taɓa na kowa ba, na rantse. Nawa nake nema." Ya goge fuska. "Na samu aiki a ƙasar waje. Suka ce sai an gwada jinina, kuma a wannan ɗakin gwajin. Ranar Juma'a sakamakon ya fito. Gobe za su shiga shafin su duba. Layi ɗaya nake son canzawa. A ofis duk motsin da na yi sai an gani, shi ya sa na kawo ta nan. Kwana biyu ina fama da makullin da masu gwajin suka sa wa bayanan, ya ƙi buɗuwa. Jiya da yamma na je in duba hanya don in mayar da ita, na tarar Oga ya canza makullin ƙofa."

"Me ya hana ka kashe ta? Da ka kashe, da sai mu wata muna lalube."

"Akwai masu jiran sakamako kafin a shiga da su tiyata. Hannuna ya kasa."

Yayar ta matso. Kumfar hannunta ta bushe.

"Me sakamakon ya ce?"

Bai ɗago ba.

"Da kai nake. Me ya ce?"

"Ciwon hanta ne, Yaya. Sun ce ya jima."

"Tun Juma'a?" in ji ta. "Ni na goya ka, ni na kai ka makaranta. Kwana biyu kana cin abinci a gidan nan, kana kulle kanka da ƙarfe a sito, ba ka iya buɗe baki ka ce Yaya, ba ni da lafiya ba?"

"Na so in tafi, in fara aiki, in ɗauke miki nauyin yaran nan."

"Wa ya ce maka sun yi mini nauyi?"

Sufeto ya juya baya, ya faɗa wa Agogo ta zo da Manaja da mota su ɗauki kayansu, kuma ta sanar da ɗakin gwajin cewa shafin zai tsaya rabin awa. Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya dubi yaran da suka yi cirko-cirko a bakin falo, ya girgiza masa kai. Saje ya mayar da ita aljihu.

"Tashi mu je," Sufeto ya ce wa Injiniya. "Za ka maimaita duk wannan a rubuce."

Suka fito da shi, Saje na riƙe da gwiwar hannunsa. Ba a gama rufe ƙofar motar ba yayar ta fito da mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Ta ce wa maƙwabciya ta kula da yara, ta buɗe ɗaya ƙofar, ta shiga ta zauna kusa da ƙaninta.

"Ranka ya daɗe, ku rufe shi in doka ta ce a rufe. Amma likita zai fara gani."

Saje ya dubi Sufeto ta madubi. Sufeto ya dubi agogonsa, ya ja numfashi.

"Bi ta babban asibiti," ya ce.

Motar ta tashi. Babu wanda ya ce wa yayar ta sauka.