Huda Ɗaya a Daɓen Sito

Magariba ta kawo jiki lokacin da magini ya shigo gida, girarsa ta yi fari fat da ƙurar siminti. Kwana shida ya yi yana fama da daɓen wani siton masana'anta da ya lotsa. Sana'arsa ke nan: a huda daɓe, a ɗura kwaɓaɓɓen siminti har kogon da ke ƙasa ya cika, daɓen ya taso. Bai ko cire takalmi ba, tsakuwa ta faɗo cikin butarsa. Sai wata a kan rufin kwano. Ya ɗauka ya murza. Siminti ne, ɗanye.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu, 'yarsa ta fari ta ajiye ɗinkin da take yi, ta kwanta ta manna kunne da ƙasa. Ta ƙi tashi, ta ƙi ci. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan aka kira malam.

Malam ya daɗe yana karatu a kanta. Can sai yarinyar ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, ba faɗa, ba kururuwa, sai gajiya.

"Me kike nema a jikin baiwar Allah?" in ji malam.

"Tambayi ubanta. Wanda ya koya masa aiki, kafin ya ɗura, sai ya bugi daɓe sau uku ya ce masu gida su fito. Shi fa?"

Magini ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ranar da ya ɗura wa daɓen siton siminti, motocin kaya na jira, manaja na tsaye a kansa, sai kawai ya kunna inji.

"Ni na fita ɗiban ruwa," in ji muryar. "Jikana na cikin kogon yana barci."

Malam ya sassauta murya.

"Ki sake ta, a yi miki abin da kike so."

"Na tsufa da ramuwa, malam. Ƙofa nake so, ko kamar ɗan yatsa."

Da safe magini ya kafa injin huda a tsakiyar daɓen da ya gyara, manaja na ta sababi, ko kallonsa bai yi ba. Da ƙarfen ya ɓula, wata iska mai sanyi ta shafi idon sawunsa ta wuce. Ya dawo gida ya tarar da 'yarsa zaune, kunnenta a kurje, tana neman ruwa.

Tun daga ranar, duk daɓen da ya gyara sai injiniya ya tsinci huda ɗaya a buɗe.

"Baba, ka manta wannan," injiniyan yakan ce masa.

"Ban manta ba," yakan ce, ya ci gaba da naɗe tiyo.